Bakolori: Ruwan Namu Ne, To Takardun Fa?

Manomin shinkafa a Bakura ya san ruwan da ke shiga gonarsa sani na haƙiƙa. Ya san launinsa idan damina ta gabato, ya san ranar da ya kamata ya iso magudanar da ke gefen gonarsa, ya kuma san alamar da ke nuna cewa bana zai yi ƙaranci. Sai dai akwai abubuwan da ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ɗanɗanawa. Shin akwai ragowar maganin feshi a cikin ruwan nan da yaransa ke wanka a ciki, iyalinsa kuma suke ɗiba idan rijiya ta ƙafe? Yashi da laka nawa suka taru a gindin madatsar Bakolori daga 1978 zuwa yau, kuma nawa suka cinye daga ruwan da take iya riƙewa? Yaushe rabon da masana su duba lafiyar bangon madatsar, me kuma suka rubuta? Idan tafkin ya cika a watan Agusta, wace rana za a buɗe ƙofofi, kuma wa zai sanar da mutanen da ke zaune a ƙasa?

Manomi ba shi da amsar waɗannan tambayoyi. Amsarsu, in har an auna, tana cikin fayil a ofisoshin gwamnati a Sakkwato da Gusau da Abuja, kuma da kuɗin jama'a aka biya waɗanda suka yi awon. Saboda haka abin da za mu tattauna a filin namu na wannan mako shi ne: wa ya mallaki waɗannan takardu, kuma ta wace hanya mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun zai kai gare su?

Bari mu fara da fayyace abin da ake nufi da bayanan muhalli. Duk wani rubutu, ko taswira, ko alƙaluma, ko sakamakon gwaji da hukuma ke riƙe da shi game da ruwa, ƙasa, iska, daji da ma'adinai ya shiga cikin wannan suna, haka nan takardun duk wani aiki ko lasisi da zai iya taɓa su. Rahoton gwajin ruwan burtsatse yana ciki. Jerin kamfanonin da aka ba izinin haƙar zinare a wata ƙaramar hukuma yana ciki. Hasashen ambaliya da jadawalin sakin ruwa daga madatsa su ma suna ciki. Abin da ya bambanta irin wannan bayani da sauran takardun ofis shi ne jinkirinsa yana cin rai. Idan aka ɓoye maka takardar ƙarin girman wani ma'aikaci, babu abin da zai same ka. Idan kuwa aka ɓoye maka cewa ƙasar tsakar gidanka tana ɗauke da guba, ɗanka mai rarrafe ne zai biya bashin.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ɗauko musu misali daga ƙetare, domin tarihin Bakolori kansa ya ishe su darasi. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan kwarin kogin Sakkwato da Rima, inda ta ba da shawarar a gina madaidaiciyar madatsa a Bakolori, a kuma tafi sannu a hankali don kada a rikita tsarin noman da mutane suka gada. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai gwamnatin soja ta zaɓi gagarumin aiki. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka fara gini a 1974, aka kammala madatsar a 1978. Tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa mai yawan mita miliyan 450 a ma'aunin kubik. Mutane wajen 13,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu a ɓangaren Maradun don ruwa ya samu wurin kwanciya. A ɓangaren Talata Mafara da Bakura kuwa, katafila ta shiga gonaki tana baje ƙasa, ana haƙa magudanai, manoma da dama suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba.

Masu binciken da suka yi rubutu a kan wannan zamani, irin su Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun nuna cewa tushen rigimar yana cikin awon gonaki, da jinkirin diyya, da yadda aka sake raba filaye bayan an baje su. Idan katafila ta share iyakar gona, ta tumɓuke itatuwan da mutum yake gane gonarsa da su, to babu sauran hujja sai abin da aka rubuta a rajista, rajistar kuwa tana hannun hukumar da ake jayayya da ita. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu majiyoyi suka ce sun haura 380. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Rikicin da ya fara saboda mutane ba su aminta da lissafin gonakinsu ba, sai ga shi ya ƙare ba a daidaita ko a kan lissafin gawarwakinsu ba.

Akwai kuma wasu mutanen da ba a tashe su ba, ba a kuma shigar da su cikin shirin ban-ruwa ba, amma madatsar ta juya musu rayuwa. Su ne manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda tun kaka da kakanni suke dogaro da malalar kogi a kowace shekara don shinkafar damina da lambun rani. Wani masanin labarin ƙasa daga Ingila, William Adams, ya yi nazarin abin da ya same su, ya wallafa a 1985. Bincikensa ya nuna cewa daga cikin hekta 19,000 na fadamar, filin shinkafa ya ragu da kimanin hekta 7,000, na noman rani kuma da kimanin hekta 5,000, masunta su ma kamunsu ya ja baya. Duk injiniyan da ya zana madatsa ya san cewa za ta rage malalar da ke ƙasa da ita, domin hakan yana cikin aikinta. Ilimin yana nan tun kafin a aza tubali. Waɗanda abin zai shafa ne suka gano shi a gonakinsu, bayan aikin gama ya gama.

Wannan ɓangaren ƙarancin ruwa ke nan. Ɓangaren yawansa ya fi gaggawa. Ranar 30 ga Satumba, 2006, madatsar Gusau, wadda take kan wannan kogi na Sakkwato, ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi, mutane wajen 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. A Satumban 2010 ruwa daga madatsar Goronyo ya mamaye ƙauyuka, har ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, babban ɓangare na Maiduguri ya wayi gari a cikin ruwa. Bayan kowane irin wannan bala'i tambaya ɗaya ake maimaitawa: wa ya san halin da madatsar take ciki, kuma tun yaushe ya sani? Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sanarwar kwana biyu ta isa mutum ya kwashe buhunan hatsinsa, ya kora dabbobinsa zuwa tudu, ya ɗauke tsohuwarsa. Sanarwar da ta makale a teburin wani jami'i kuwa daidai take da babu.

Sai darasi na biyu, wanda har yau raɗaɗinsa bai bar Zamfara ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da mace-macen ƙananan yara da suka wuce misali a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara suna amai, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu amfani ba. Da aka gwada jininsu da ƙasar gidajensu sai aka gano gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida, ana daka su, ana niƙa su da injin niƙa, ƙurar tana sauka a inda yara ke wasa da inda ake shanyar hatsi. A wasu wurare awo ya nuna dalma ta haura miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin don wuraren wasan yara miligiram 400 ne. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega, dubbai kuma suka bukaci magani.

Iyayen yaran nan ba wawaye ba ne, kuma ba su ƙi 'ya'yansu ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa dutsen da ke kawo musu abinci shi ne ke kashe musu yara. Da zarar an yi musu bayani da harshensu, ta bakin sarakuna da limamai, sai aka ga an fara fitar da aikin niƙa daga cikin gidaje. Ko a nan ma batun takarda bai ƙare ba. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin Naira miliyan 850 don tsabtace Bagega da sauran ayyukan da suka shafi annobar, aka yi watanni kuɗin ba su fito ba, likitoci kuma ba za su iya fara ba yaro magani ba alhali zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba. Sai da wasu matasa ƙarƙashin yunƙurin Follow The Money, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka riƙa bin diddigin alƙawarin suna yayata shi, tare da matsin lambar wasu ƙungiyoyi, sannan aka saki kuɗi a Janairun 2013. Abin takaici, a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ilimin da Zamfara ta saya da rayukan 'ya'yanta bai tsallaka zuwa maƙwabciyar jiha a kan lokaci ba.

Wannan batu ya shafi Maradun kai tsaye, domin ana haƙar zinare a dazuzzukanta. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024. Tunda an sake buɗe ƙofa, haƙƙin mutanen kowace gunduma ne su san kamfanin da aka ba lasisi a ƙasarsu, da iyakar filin da aka ba shi, da wurin da zai wanke ƙasarsa, da inda ruwan wankin zai gangara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai babban lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Yarjejeniyar da aka ƙulla da sunan gari, amma mutanen garin ba su taɓa ganin ta ba, ta wa ce?

To, me doka ta ce? A nan ne da yawa daga cikinmu, har da masu digiri, muke zaune a kan dukiya muna kukan talauci. Ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ba kowane mutum damar neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa na nema ba. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, za ta iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa ko kuma sai ta tuntuɓi wani. Idan za ta hana, dole ta rubuta dalili, ta kuma nuna sashen dokar da ta dogara da shi. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa. Jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba za su biya tarar Naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan yana fuskantar ɗaurin aƙalla shekara 1. Kuɗin da za a karɓa daga mai nema bai wuce na kwafar takardu ba.

Masu tsara dokar ba su manta da wanda bai yi boko ba. Sashe na 3 ya ba shi damar ya nema ta hannun wani, ya kuma umarci jami'in hukuma ya rubuta buƙatar da aka gabatar masa da baki, ya ba mai nema kwafi. Amma sashen da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na 15. Wannan sashe ne ya ba hukuma damar kare sirrin kasuwancin kamfanoni, sai dai a cikinsa aka yi togaciya mai nauyi: ba za a fake da sirrin kamfani a hana sakamakon gwajin muhalli da hukuma ta yi, ko aka yi a madadinta ba. Har ila yau, idan an ba da sakamakon, dole a haɗa da rubutaccen bayanin yadda aka yi gwajin. Wato idan ma'aikatar gwamnati ta ɗebi ruwan wata rijiya a Maradun ta gwada, mutumin da ke shan ruwan rijiyar yana da hurumin ya ga abin da aka samu.

An daɗe ana ja-in-ja a kan ko wannan doka ta hau kan gwamnatocin jihohi, jihohi da dama kuma sun riƙa cewa sai majalisunsu sun yi tasu. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, inda ta yanke cewa dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Saboda haka ma'aikatar muhalli ko ta lafiya a Gusau, da sakatariyar ƙaramar hukuma a Bakura, duk suna ƙarƙashinta kamar yadda Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da Bakolori, take ƙarƙashinta tun farko a matsayinta na hukumar tarayya.

Sauran duniya ma a kan wannan turba take. Taron muhalli na Riyo da aka yi a Brazil a 1992 ya amince, a ƙa'idarsa ta 10, cewa kowane mutum ya cancanci samun bayanan muhalli da ke hannun hukumomi. Ƙasashen Turai suka mai da wannan ƙa'ida yarjejeniya mai ɗaure ƙasa a birnin Arhus na Denmak a 1998, Gini Bisau kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga cikinta a 2023. Mu a nan, dokokin muhallinmu sun samo asali ne daga wani asiri da ya tonu. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Bayan wannan abin kunya ne aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, aka kuma yi dokar tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli a 1992. A ƙarƙashin tsarin wannan doka, ana baje rahoton tantancewa na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu.

Ga doka nan, to ina gizo yake saƙa? Wuri na farko shi ne harshe. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin Dala miliyan 495 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a Arewa, Bakolori kuma yana cikin wuraren da shirin ya shafa. Ƙa'idar bankin ita ce a wallafa rahoton tasirin aiki a kan muhalli da jama'a. Irin waɗannan rahotanni ɗaruruwan shafuka ne na Ingilishin injiniyoyi, a intanet ko a kan kantar wani ofis. A idon doka an bayyana, a wurin mai gonar kuwa kamar an zuba ruwa a kwando ne. Wuri na biyu shi ne ɗabi'ar ofis. Ma'aikacinmu ya taso a ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, an rantsar da shi a kan riƙe sirri, ya kuma koyi cewa wanda ya yi shiru ba ya shiga uku. Dokar 2011 ta bayyana cewa hatimin sirri kaɗai bai isa hujjar hanawa ba, ta kuma ba jami'in da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya kariya, amma ɗabi'ar shekaru hamsin ba ta gushewa da sa hannu ɗaya. Wuri na uku mu ne kanmu. Ba mu tambaya. Mukan yi ƙorafi a majalisar ƙofar gida da shafukan Facebook, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa rubuta wasiƙar shafi ɗaya suka kai ofis suka karɓi shaidar an karɓa.

Adalci ne mu saurari ɓangaren jami'ai, domin ba duk uzurinsu ne na banza ba. Za su ce Zamfara tana fama da 'yan bindiga, bayyana komai game da madatsa ko wurin haƙar zinare tamkar nuna wa ɓarawo hanya ne. Gaskiya ne akwai abin da bai kamata ya fita ba, kamar tsarin gadi da wuraren da jami'an tsaro suke, kuma doka ta ware irin wannan, ta kuma ba da damar a cire ɓangaren da ke da haɗari a ba da saura. Amma yawan ruwan da ke cikin tafki, da ranar buɗe ƙofa, da sakamakon gwajin rijiya, ba su ƙara wa ɗan bindiga komai. Shi ya riga ya san inda ake haƙar zinare fiye da kowane darakta. Wanda aka bari cikin duhu shi ne mai gida da iyalinsa.

Za su kuma ce faɗin gaskiya zai tayar da hankalin jama'a. Tarihinmu ya nuna akasin haka. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa kujerarta, ita kuwa ba ta da ma'auni. Abin da ya tayar da hankali a 1980 shi ne rashin yarda, rashin yarda kuwa ɗan cikin ɓoye-ɓoye ne. Uzuri na ƙarshe shi ne wani lokaci bayanin ma babu shi, na'urar awo ta lalace, ko ba a ware kuɗin gwaji ba. To, a rubuta hakan a takarda. Idan hukuma ta amsa cewa ta yi shekaru ba ta gwada ruwan magudanai ba, wannan amsa ita ma bayani ce, kuma da ita ɗan majalisar yankin zai tsaya a zauren majalisa ranar muhawarar kasafin kuɗi.

Wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a al'adarmu da addininmu. A kasuwar Talata, wanda ya sayar da saniya ya ɓoye aibinta ya san ya ci haram, malamanmu na fiƙihu kuma sun tabbatar wa mai saye damar mai da ita. Idan ɓoye aibin dabba ɗaya laifi ne, ina ga ɓoye aibin ruwan da dubban mutane ke sha? Sarakunanmu na da suna da sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya zaga gari ya sanar da abin da ya shafi kowa. Mulki amana ne, takardar da ke ɗauke da labarin lafiyar talakawa kuwa tana cikin kayan amanar.

Saboda haka ina kira ga hukumomin da abin ya shafa su fara da abin da bai bukatar kuɗi mai yawa. Sashe na 2 na dokar ya wajabta musu wallafa bayanai da dama ba tare da jiran a tambaya ba. A lokacin damina, a riƙa sanar da matsayin ruwan Bakolori kowane mako da Hausa a gidajen rediyo, a kuma aika wa hakimai da dagatai na masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun, da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A liƙa jadawalin sakin ruwan noman rani a sakatariyoyin ƙananan hukumomi uku, da boko da ajami. Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara, da na damina da NiMet ke fitarwa, a taƙaita abin da ya shafi waɗannan garuruwa a shafi ɗaya wanda limami zai iya karantawa bayan sallar Juma'a. Duk rahoton tasirin muhalli na aikin da za a yi a yankin, a haɗa shi da taƙaitawa cikin Hausa, a kuma karanta ta a gaban jama'ar da aikin zai shafa.

Kira na biyu ga ɗalibai ne da malamansu. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, Gusau kuma tana da Jami'ar Tarayya. Kowace shekara ɗalibai suna neman batun binciken kammala karatu, ga shi kuwa a bakin ƙofarsu. Wasiƙar neman bayani ba ta da wuya. A rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar, a ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a faɗi takamaimai abin da ake so da shekarun da ya shafa. Maimakon a ce a ba mu duk bayanan Bakolori, a ce muna neman kwafin rahoton binciken lafiyar madatsar na baya-bayan nan, ko sakamakon gwajin ruwan magudanai daga 2020 zuwa 2024. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga hatimi da kwanan wata a ɗayan, domin daga wannan rana ake fara ƙidayar kwana 7. Idan amsa ta zo, a fassara ta, a mai da ita ga manoman da saboda su aka nema. Idan ba ta zo ba, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, a nan kuma lauyoyinmu 'yan asalin yankin za su biya garinsu bashin da yake bin su.

Wasiƙa ɗaya ba za ta sauya ɗabi'ar ofis ba. Amma idan ƙungiyar manoma a Bakura ta rubuta, ɗalibai a Mafara suka rubuta, ƙungiyar ci gaban gari a Maradun ta rubuta, kowa kuma ya adana shaidarsa, jami'i zai gane cewa ba da takarda ya fi masa sauƙi a kan hana ta. Iyayenmu na 1980 ba su da wannan doka, shi ya sa suka tare hanya da jikinsu. Mu muna da ita, kuma kuɗin amfani da ita bai wuce na takarda da hatimi ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Birnin Tudu da Bagega, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.